Daga Gadarif Zuwa Gedambaliya: Yawon Gama Jami'a A Ƙasar Riɗi Da Dawa

A Turai da Amurka akwai wata al'ada ta 'ya'yan masu hali. In yaro ya gama jami'a, sai ya haɗa kai da abokansa uku ko huɗu, su rataya jaka su nufi Italiya. Su yi kwanaki a birnin Rum ko Benis, su ci taliya da fiza, su ɗauki hoto a gaban tsofaffin gine-gine, sannan kowa ya koma gida ya shiga neman aiki. Yaranmu na gabashin Sudan suna ganin waɗannan hotuna a Facebook da TikTok kamar kowa.

Amma a nan Gadarif, in ka ji saurayi ya ambaci Italiya yana rage murya, to hanyar Libiya yake nufi: sahara, gidajen da ake tsare mutane sai an biya fansa, da kwale-kwalen roba a kan Bahar Rum. Garinmu yana bakin wannan hanya. Shekara da shekaru samarin Habasha da Iritiriya suna tsallakowa ta Gallabat da Kasala suna wucewa arewa. Ranar 3 ga Oktoban 2013 wani jirgin ruwa ya nutse dab da tsibirin Lamfedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka rasu, akasarinsu 'yan Iritiriya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilun 2023, namu yaran ma sun fara wannan lissafi. Duk uban da ɗansa ya riƙe takardar digiri a wannan zamani ya san tsoron da nake faɗa.

Shi ya sa da ɗana da abokansa huɗu suka kammala Jami'ar Gadarif suka zo mini da maganar yawon buɗe ido, ban ja da su ba. Kartum ba ta zuwuwa a lokacin, Fot Sudan kuma ta yi wa aljihu nisa. Na ce musu mota tawa, man fetur nawa, abinci nawa, amma ni zan zaɓi wurin. Da na ce Gedambaliya, dariya suka yi. Ɗaya ya ce, "Baba, gona za ka kai mu? Mu da muka yi karatu don mu tsere wa gona?" Na ce masa gani ya kori ji.

Karin safe a Kasuwar Abu Sin

Wanda bai taɓa ganin bikin yaye ɗalibai a Sudan ba zai zaci ɗaurin aure ne. Ana sa wa ɗalibi lalle, a kira sunansa, ya taho yana rangaji da waƙar da ya zaɓa, uwa da gwaggo da inna suna biye da shi da guɗa. Kwana uku bayan nan muka fita, lallen bai ma goge a hannunsu ba.

Mun fara da cikin gari, domin yaro yana iya shekara ashirin a gari bai taɓa kallonsa ba. Tsohon sunan Gadarif shi ne Suk Abu Sin, wato Kasuwar Abu Sin, sunan gidan sarautar Larabawan Shukuriyya. Kasuwa ce ta haifi garin, a mahaɗar fatake tsakanin Habasha da kogin Nilu da Bahar Maliya. Jirgin ƙasa ya iso nan a 1928 daga Kasala, daga baya aka zarce da layin zuwa Sinnar. Jami'ar da yaran suka gama kuwa a 1994 aka kafa ta, jiya-jiya ke nan in aka gwada ta da kasuwar.

Karin kumallon Sudan ful ne, wani faffaɗan wake da ake dafawa dare guda a cikin tulun ƙarfe mai ƙaramin baki. Mai ful ya kwaso da dogon ludayi, ya dandaƙa shi da gindin kwalba, ya zuba albasa da tumatir da farin cuku, sannan ya kwarara man riɗi har ya kwanta a sama. Muka zauna mu shida a kan faranti ɗaya, kowa da gutsuren burodi a hannu. Na ce su shinshina man. Wannan ba na gwangwani ba ne, na matsar raƙumi ne. Har yau a gefen gari akwai masu ɗaure wa raƙumi ido yana zagaya katon turmin itace yana murje riɗi, mai yana tsatsowa a hankali. Wanda ya saba da shi, in aka ba shi ful da wani mai daban, tun loma ta farko zai gane.

Muka sauko da shayi wurin mai shayi a gindin bishiya. Ita ma ba 'yar garin ba ce. Daga Madani ta gudo da 'ya'yanta lokacin da garin ya faɗi a Disambar 2023. Irinta suna da yawa, domin Gadarif ta karɓi dubban ɗaruruwan mutanen da yaƙi ya koro, har makarantu suka zama masauki. Kafin su, a ƙarshen 2020, 'yan gudun hijirar Tigirai ne suka cika sansanin Um Rakuba. Garin nan ya saba shimfiɗa wa baƙo tabarma, ko da ruwan shansa kansa da amalanken jaki ake kai wa unguwanni da yawa.

Daga nan sai kasuwar amfanin gona. Wanda ya san Dawanau a Kano zai ji kamar yana gida: buhuna jibge, 'yan dako suna gudu, dillalai da waya biyu-biyu a kunne. Bambancin shi ne a nan gwanjo ake yi. Ana kawo samfurin riɗi, masu saye su murza a tafin hannu, su duba fari da tsabta, su taya. Da kintar ake awon riɗi, wanda ya kai kimanin kilo 45, dawa kuma da ardab. Farin riɗin Gadarif sananne ne har Sin da Turkiyya da Masar da Saudiyya. Can gefe kuma ga katon rumbun siminti da aka gina a shekarun 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet, mai cin tan 100,000 na hatsi. Tun daga nesa shi ke fara yi wa matafiyi maraba.

Wanda ya karanta tattalin arziki a cikinsu ya tsaya yana kallon manyan motoci ana loda musu buhuna zuwa Fot Sudan. Ya ce, "Baba, duk wannan ɗanye yake fita?" Na ce akasarinsa. Ya ce, "Su matse a can, su yi alawa da tahina, su zuba a kwalba mai kyau, su sayar ninki nawa?" Na ce wannan lissafin nasa ne, shi aka koya wa.

Inda tarakta ta fara taka ƙasa

Gedambaliya tana yamma da Gadarif, ta wajen hanyar Fawo da Madani, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau. Da ka bar gari, duniya sai ta baje. Babu kwari, babu tudu, sai fili har inda ido ya gaza, nan da can wani dutse ya tsaya shi kaɗai kamar an ajiye shi an manta. Ƙauyuka kuwa ɗakunan ciyawa ne masu tsinin kai, waɗanda ake kira guttiya. Bahaushe in ya gan su sai ya tuna ƙauyen kakansa.

Ƙasar baƙar laka ce, irin firgin Barno. Da rani takan tsage har ƙafar yaro ta shige. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, ta zama danƙo, motar da ta sauka daga kwalta sai tarakta ta jawo ta. Wannan laka ita ce dukiyar jihar baki ɗaya, domin tana riƙe ruwan sama, ba a bukatar ban-ruwa.

A nan ne na ce wa yaran, ga Italiyar da kuke nema ta taɓa zuwa har gida. A Yaƙin Duniya na Biyu, Iritiriya da Habasha suna hannun Italiya, Sudan kuma tana hannun Ingila da Masar. A Yulin 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala da Gallabat. A Oktoban shekarar jiragensu suka yi ruwan wuta a filin jirgin Gadarif, suka ƙona jiragen Ingila a ƙasa. Sai a Janairun 1941 suka bar Kasala. Yaƙin ya bar Ingila da tarin sojoji a gabashin Afirka da ke bukatar abinci. Neman wannan abinci ne ya sa a wajen 1944 gwamnati ta kawo taraktoci ta fara noman dawa da inji a filin Gedambaliya. Nan ne mafarin noman inji na damina a Sudan duka.

Da farko gwamnati ce ke noma da kanta, daga baya ta shigo da manoma ana raba amfani. A shekarun 1950 aka fara ba 'yan kasuwa hayar manyan filaye, kowanne fadan 1,000. Fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka. A 1968 aka kafa hukumar noman inji ta ƙasa, Bankin Duniya ya sa kuɗi, abin ya bazu zuwa kudancin Gadarif da Sinnar da Damazin da Habila. Yau ana maganar miliyoyin fadan, kuma duk daga wannan fili aka ɗauki iri.

Mun iso ana yankan riɗi. Shuka da inji ake yi, amma yanka har yanzu akasari da lauje ne, kuma riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi sakaci na 'yan kwanaki, kwanson ya fashe, ya zube ƙasa, shekara ta tafi. Shi ya sa a Oktoba ake neman hannu ko ta halin ƙaƙa. 'Yan ƙwadagon kaka, waɗanda ake kira jango, suna zuwa daga yammacin Sudan da kudu da Habasha. Su yanka, su ɗaure ƙananan dammuna, su jingina su tsaye su bushe, a biya su gwargwadon tarin da suka yi. Yaran suka karɓi lauje don a ɗauke su hoto. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu bai kai minti goma ba ya miƙe yana dafe ƙugu, jango suna ta dariya.

Tuwo a sansanin gona

Wakilin gonar da muka sauka Bahaushe ne, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda na daɗe ina sayen riɗi ta hannunsa. Ya tare mu da "Maraba da Alhaji, maraba da malamai." Yaran suka durƙusa suka gaishe shi da Hausarsu mai gauraye da Larabci. Ya ce su tashi, ai yau su ne manya.

Abincin rana asida ce, wato tuwon dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa da kajek, busasshen kifin da shi ne naman jango. Ba abincin biki ba ne, kuma warin kifin sai wanda ya saba. Amma yunwar fili ba ta zaɓe, kwanon ya koma fes. Bayan nan matar tsohon ta aiko da godogodo, kunun gero da nono mai sanyi, wanda duk Sudan ta san na Hausawa ne.

Muna sha yana ba su tarihi. Mahaifinsa daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zai je Makka. Tafiyar da ake yi shekaru: a yi noma a wannan gari, a yi dako a wancan, a tara guzuri a ƙara gaba. Ya yi hajjinsa, a hanyar komawa ya tsaya yankan dawa a nan, bai ƙara gaba ba. Haka dubban mutanenmu suka zauna a gaɓar kogin Rahad da Atbara da Shuɗin Nilu. Wasu kuma hijira ce ta kawo su bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a har suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar.

Tsohon ya nuna filin da sandarsa ya ce, "Samari, da aka kawo tarakta, ita ta yi huɗa, amma wa ya yi shema? Wa ya yi yanka? Iyayenku ne. Gumin Bahaushe yana cikin wannan laka. Amma ku tambaya, mutum nawa ne a cikinmu ke da takardar fili?" Babu wanda ya amsa. Kowa a wurin ya tuna abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022, inda rikici a kan ƙasa da sarauta ya ci rayukan mutane da yawa, har Hausawa suka fita zanga-zanga a Kasala da Gadarif da wasu garuruwa.

Wanda ya karanta aikin gona ya tsuguna ya tuge wani tsiro mai jan fure daga gindin dawa a gonar da ke maƙwabtaka. Ƙuduji ne, nan ana ce masa buda. Ya yi wa tsohon bayani cewa yawansa alama ce ƙasa ta gaji: dawa a kan dawa shekara da shekaru, babu hutu, babu canjin shuka, an sare itatuwa. Tsohon ya ce, "Wannan na sani tun ba a haife ka ba, ɗana. Abin da ban sani ba shi ne maganinsa." Suka koma gefe su biyu, aka shiga maganar irin dawa mai saurin nuna kamar Arfa Gadamak da Wad Ahmad, da juya shuka tsakanin dawa da riɗi da barin gona ta huta. Sai da na yi musu magana sau biyu kafin suka taso.

Muhawara a kan dutse

Da la'asar muka hau dutsen Gedambaliya. Ba shi da wani tsawo, amma da yake ƙasar shimfiɗe take, daga samansa kana ganin gonaki kamar an shimfiɗa tabarmi, ga hafirai, wato tafkunan da aka haƙa don tara ruwan damina, suna ƙyalli, ga garken raƙuma da shanu suna jiran a gama girbi su shiga kara. A nan maganar da kowa ke ɓoyewa ta fito.

Ɗaya daga cikinsu, wanda iyayensa suka rasa gida da shago a Omdurman, ya ce shi fa tafiya zai yi. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma fili fadan dubu na masu shi ne. Ni ko fadan ɗaya ba ni da shi. Banki ba ya ba irina bashi. Kuɗin ƙasar kullum faɗuwa yake. In zauna in yi me?" Maganarsa gaskiya ce, ban kuwa ƙaryata shi ba. Mu da kakanninmu suka taka daga Kano zuwa Bahar Maliya, da wane baki za mu ce tafiya haramun ce?

Abin da na ce masa shi ne, tafiya iri-iri ce. Kakanninmu sun tafi da sana'a a hannu, suna tsayawa inda suka ga dama, babu wanda ya kulle su a ɗaki yana buga wa uwarsu waya a turo kuɗi. In zai tafi, ya tafi da fasfo da biza da sanin iyayensa, ko Saudiyya ce ko Masar ko wani wuri. Kuɗin da ake ba masu safarar mutane kafin a kai bakin teku, in aka haɗa na mutum biyu ko uku, ya isa a fara wani abu a nan.

Mai tattalin arzikin ya karɓe zancen. Ya ce ba dole sai mutum ya mallaki gona ba. Tsakanin gona da jirgin ruwa akwai aiki birjik: tace riɗi, matse mai, ɗura shi a kwalba, tunkuzar a sayar wa masu dabbobi, gyaran tarakta, sayar da iri mai kyau. Mai kwamfuta ya ce ƙaramin manomi a ƙauye bai san farashin da aka taya a gwanjon Gadarif da safe ba sai dillali ya gaya masa abin da ya ga dama, alhali waya tana aljihunsa. Ɗana ya ce ai 'yan uwanmu na Maigatari da Dawanau wannan riɗin suke saya suna sayarwa, me ya hana a san juna? Aka yi ta yi har rana ta yi ja. Ni dai nawa saurare, don na lura tun da suka shiga jami'a babu wanda ya taɓa zaunar da su a gaban wannan fili ya ce su faɗi abin da suka gani.

Agashe da jabana

Mun shigo gari bayan magariba, muka zarce wurin mai agashe. Wannan kalma ko Balaraben Kartum ya san ta, kuma Hausa ce tsantsa: a gashe. Tsire ne da ƙuli-ƙuli da yaji, an jera tsinkaye kewaye da wuta, a yanka maka albasa a matsa lemun tsami. Duk inda ka ga tukubar agashe a Sudan, ka yi sallama da Hausa, da wuya a rasa mai amsawa. Biyu daga cikin yaran suka ce su zigni suke so, naman Habasha mai jan yaji da ake ci da injera, aka aika aka sayo. Aka kawo zoɓo da ruwan tsamiya da na kuka, waɗanda nan ake kira karkade da aradeb da tabaldi. Muka rufe da jabana, gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, da turaren wuta da gugguru.

A yini ɗaya sun ci na Larabawa, sun ci na jango, sun ci na Habasha, sun ci na gidansu. Duka kuɗin da na kashe, har da fetur, bai kai na ragon suna ba.

Yanzu da nake rubutun nan, mai aikin gonar yana zuwa wurin tsohon duk mako. Biyu suna neman wanda zai ba su hayar injin matsar mai. Ɗana yana tare da ni a kasuwa, shi ke riƙe littafi. Na biyar ɗin yana nan a kan bakansa na tafiya, amma ya je ya yi fasfo, kuma mahaifiyarsa ta san inda ya nufa.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi shi ne daga Oktoba zuwa Janairu: riɗi da farko, dawa daga baya, hanya ta bushe, zafi ya sauka. Da damina kada ka sauka daga kwalta da ƙaramar mota. Ka tambayi halin tsaro kafin ka fita, domin ƙasar tana cikin yaƙi, abin da yake yau ba lallai ya zama shi ne gobe ba. Kowa ya riƙe katin shaidarsa saboda shingayen bincike, kada a ɗauki hoto kusa da sojoji ko gadoji, kuma a dawo gari kafin dare. Ka ɗauki ruwan sha a jarka. Kada ka shiga gonar mutane sai da sanin wakili, kuma ka riƙe masa sukari da ganyen shayi, sun fi kuɗi daraja a sansani.

Ga 'yan uwana fatake da ke Kumasi ko Yawunde ko Jidda ko Agadas, ba sai kun zo Gedambaliya ba. Kowane gari da muke ci a cikinsa yana da inda arzikinsa ke fitowa, ko gonar koko ce, ko tashar jirgin ruwa, ko mahaƙar gishiri. In yaro ya gama karatu, bayan lalle da guɗa, a ware yini ɗaya a kai shi can tare da abokansa, a ciyar da su, a bar su su yi magana. Allah ya raya mana su, ya ba Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowane mai gudun hijira ɗakinsa.